Na biya kuɗin kayan kicin ɗin ƙanwata, da suka iso aka ce sai na ƙara dubu 170

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a Gusau, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Da aka sa ranar bikin ƙanwata, sai aka ɗora mini sayen kayan kicin. Hajiyarmu ta kawo abin da ta kwasa a adashi, Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ta kawo nata, ni ma na ƙara, muka haɗa naira dubu 400. Facalata, matar wan maigidana da ke Kano, tana odar kaya daga ƙasar Sin. Na ga kuloli da tukwane da farantai da robobin zuba abinci a sitatus ɗinta da araha sosai. Na tambaye ta kuɗin kawowa, ta turo mini saƙon murya cewa sai kaya sun iso ake sani, amma ba zai wuce dubu 60 ba. Na tura mata kuɗin, na ajiye dubu 60 a gefe. Maigida ya ce in saya a kasuwa kawai, ban ji ba. Yanzu bayan wata biyu da ɗoriya ta ce kaya sun iso Kano suna siton ejan, kuma kuɗin dako da na fito dubu 170 ne, ban da kuɗin mota zuwa Gusau. Ta ce in mako ya wuce ban biya ba, za a riƙa cajin dubu 2 kullum kuɗin ajiya. Saura mako uku biki. Gwaggo ta fara yi mini habaici a kan ina kaya ina kuɗi. Ban faɗa wa kowa ba, har maigida. Ina tunanin cin bashi a manhajar waya ko in sayar da 'yan kunnena na gwal. Anti, cuta ta ta yi? In biya ne ko in ce ta dawo mana da kuɗinmu?

Wata baiwar Allah, Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu ranar lafiya. Kafin komai, ki goge manhajar bashin nan daga wayarki, 'yan kunnen kuma su koma inda suke. Masu ba da bashi ta waya ruwansu na da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma an san wasunsu da bin lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon tozarci idan ya makara. Ke da kike gudun Gwaggo ta ji, ba kya so ta ji daga bakinsu. Matsalarki ba ta kai nan ba, kuma mako uku ya isa a warware ta idan kika fara yau.

Kin tambaye ni ko facalarki ta cuce ki. Ba zan ce eh ba, ba kuma zan wanke ta tas ba. Bari in fara nuna miki ta inda irin wannan kuɗi ke fitowa, don sai kin san lissafin za ki san abin da za ki tambaya.

Masu oda irinta ba su ne ke ɗauko kaya ba. Suna saye ne a kasuwannin intanet na Sin irin su 1688 da Alibaba, a kai kayan siton wani ejan, yawanci a birnin Guangzhou ko Yiwu, shi kuma ya haɗa kayan mutane da yawa ya loda a kwantena ɗaya ko ya sa a jirgin sama. Tun da kayanki sun yi sama da wata biyu a hanya, ta ruwa suka zo. A jirgin ruwa ba nauyi ake fara dubawa ba, gurbin da kaya suka ci ake sayarwa, ana auna shi da abin da 'yan harkar ke ce wa CBM, wato faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Kwalin da ke da santimita 60 a tsawo, 50 a faɗi, 40 a tsayi, ya ci CBM 0.12, ko da auduga ce a ciki. Ko a jirgin sama da ake biya da kilo, wannan kwalin ana lissafa shi kilo 20 ne a ƙa'idar kamfanonin jiragen dako, wasu kamfanonin aika saƙo ma su lissafa shi kilo 24, ko da a sikeli bai wuce kilo 8 ba. To ki dubi abin da kika yi oda: kuloli, tukwane, robobi. Kusan rabinsu iska ce a ciki, farantan kuma sai an naɗe su da soso da ƙarin kwali don kada su fashe. Da atamfa ko sarƙoƙi kika saya na dubu 400, da kuɗin dakonsu bai kai ko kusa da wannan ba. Kayan kicin suna cikin waɗanda araharsu a hoto ta fi yaudarar mutane.

Bayan gurbi sai dala. Ejan da dala yake yanka farashinsa, kuma yawancinsu da canjin ranar da kaya suka iso suke karɓa, ba na ranar da aka yi oda ba. Waɗanda suka yi harkar tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 ba za su manta ba, lokacin da dala a farashin gwamnati ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Sai kuɗin fito na kwastam, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya haɗe da na dako da na inshora, kuma yawancin kayan gida da aka gama ƙerawa a rukunin kashi 20 cikin 100 suke, ga harajin VAT na kashi 7.5 a sama. Daga nan sai tirelar da za ta ɗauko su daga tashar ruwa ta Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita dubu. Ejan kan dunƙule duk wannan ya faɗi farashi ɗaya a kan kowane CBM. Saboda haka dubu 170 a kan irin kayanki ba abin da za a ce ƙarya ce kai tsaye ba ne.

Amma fa wannan bai sauke mata nauyi ba. Wadda ta mayar da oda sana'a ya kamata ta san kuloli na cin gurbi. Da ta ce miki dubu 60 aka samu 75, sai a ce canji ne ya motsa. Daga 60 zuwa 170 kuwa kusan ninki uku ne, kuma ba canji ke kawo haka ba. Ko dai ta faɗi adadin da ka ne ba tare da ta lissafa ba, ko ta rage shi don kada ki fasa. Sannan ana auna kaya kafin a loda su, don haka tun suna Sin akwai damar ta san lissafi ya kauce, ta kira ki tun akwai sauran lokacin da za ki shirya. Ba ta yi ba. Kuɗin ajiyar nan ma na dubu 2 kullum ba ya cikin maganarku ta farko, kuma ba a shigo da sharaɗi bayan an gama ciniki.

A addini ma maganar ba ta da duhu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wanda ake shiga ba a san ƙarshensa ba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma an ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. "Ba zai wuce dubu 60 ba" magana ce mai nauyi, a kanta kika saki kuɗin mutane. Ki lura da wani abu kuma. Facalarki ɗaya ce cikin biyu. Idan 'yar kasuwa ce da ta ɗora ribarta a kan kayan, to ta riga ta ci ribarta a dubu 400 ɗin, kuma ƙiyasin da ta yi kuskurensa ba ke kaɗai za ki ɗauka ba. Idan kuma ta ce ita a wajen dako wakiliya ce kawai, abin da ejan ya caje ta shi take karɓa, to wakili ba ya ƙara ko sisi a ɓoye, kuma dole ya nuna lissafi. Duk hanyar da ta bi, takardar ejan ta zama haƙƙinki ki gani.

Don haka ki kira ta yau, da murya, ba rubutu ba, don rubutu yana saurin zama faɗa tsakanin facaloli. Ki gaishe ta, ki yi mata ya gajiya da hidimar kayan, sannan ki ce: "Yaya, kin san kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, na Hajiya ne da Gwaggo, kuma sai na yi musu bayani. Ki taimaka mini da takardar da ejan ya turo, mai nuna CBM ɗin kayana da farashin kowane CBM da canjin da ya yi amfani da shi, da hoton kwalayen." Kin ga ba ki tuhume ta ba, kin jingina tambayar ga manya, wanda kuma gaskiya ne. Idan takardar ta zo, ki sami wanda ya iya lissafi ya ninka adadin da farashin, ki ga ko ya ba da 170. Ki tambaya kuma yadda ta raba kuɗin tsakanin kwastomominta, don a kan haɗa kayan mutum goma a suna ɗaya. Wasu kan raba da kuɗin kaya, wasu da gurbi, wasu kuma su ɗora wa wadda suke ganin za ta iya biya. Idan aka kawo kwalayen ma, tef ɗin tela ya isa ki auna su da kanki. Ki tambaye ta kai tsaye ko kuɗin ajiyar na ejan ne ko nata ne. Idan na ejan ne zai fito a rubuce, idan nata ne ki roƙe ta ta janye shi.

Ki yi mata adalci a zuciyarki kafin takardar ta zo. Mai yiwuwa ita ma tana cikin tsaka mai wuya: ejan ba ya sakin kaya sai an biya shi duka, tana da wasu kwastomomin da ke kiran ta dare da rana, kuma da yawa daga cikin matan da ke wannan harka ba su da jarin da za su cike giɓi. Barazanar kuɗin ajiya wani lokaci tsoro ne ke sa ta, ba mugunta ba.

A daidai wannan lokacin ki sa a yi miki wani aiki da zai nuna miki matsayinki. Ki rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, ki zagaya kasuwar Gusau, ki kuma sa wani ya tambayo miki farashin irinsu a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ki haɗa ki kwatanta da dubu 570, wato abin da kika biya da abin da ake nema. Idan kasuwa ta kai haka ko ta fi, to ba ki yi asara ba, arahar da kika sa rai ce kawai ta ragu, kuma da wannan lissafin za ki iya kallon kowa ido da ido. Idan kasuwa ta fi sauƙi da nisa, kin sami abin da za ki riƙe a wajen neman ragi.

Ban goyi bayan ki ce ta dawo da kuɗin ba. Kuɗin sun riga sun zama kaya, ba ta da su a hannu, kuma ko ta yarda sai ta sayar tukuna, lokacin an daɗe da kai amarya. Za ki tashi ba kaya ba kuɗi ana saura kwana kaɗan jere. Abin da ya fi shi ne a raba nauyin. Dubu 60 dama kin amince da su, ki tura su da zarar kin ga takarda, don ta san ba gudu kike yi ba. Sauran dubu 110 ɗin su ne abin magana. Ki nemi ta ɗauki wani kaso daga ribarta tun da ƙiyasinta ne ya kauce, abin da ya rage kuma ta biya ejan ta ba ki lokaci zuwa bayan biki, ki biya a hankali, a rubuta adadi da ranaku ko da a WhatsApp ne. Akwai kuma wata hanyar da nake ganin ta fi duka sauƙi. Ki duba kayan da suka fi cin gurbi kuma amarya za ta iya zama ba su, kamar manyan robobi ko saiti na biyu na kuloli, ki bar mata su ta sa a sitatus ta sayar a farashin kayan da suka riga suka iso, a cire daga abin da take bin ki. Kayan da suka riga suka iso sun fi saurin shiga, tun da mai saye ba sai ta jira wata biyu ba. Mu ma dai mun san rabin abin da ake jerawa a kicin ɗin amarya don idon 'yan ganin ɗaki ne, sai a shekara ba a buɗe wasu kwalayen ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ya fi dubu 170 ɗin: shirun da kika yi. Ki tabbata maigidanki ya ji maganar nan daga bakinki a daren yau. Facalarki matar wansa ce, kuma in dai ta faɗa wa mijinta cewa kin ƙi biyan kuɗin kaya, labarin zai iso gidanki a juye, ki koma mai kare kai maimakon mai neman mafita. Na san abin da kike gudu shi ne ya ce ai na faɗa miki. To ki riga shi faɗa. Ki ce masa shawararsa ce daidai, ki kunna masa saƙon muryar, ki nuna masa alat ɗin da kika tura, ki gaya masa matakin da kika ɗauka. Kada ki nemi ya kira wansa tukuna. Maganar kasuwanci tsakanin mata biyu tana mutuwa da wuri, amma idan ta koma tsakanin wa da ƙani sai ta daɗe tana tashi a kowane taron suna. Ki bar wannan a matsayin mataki na gaba. Idan ya ga dama ya taimaka da wani abu, alhamdu lillahi. Idan bai yi ba, kada ki riƙe shi, tun da ya faɗi nasa tun farko.

Gwaggo kuma ina ganin kin yi mata gurguwar fahimta. Ta ba da kuɗinta wata biyu da suka wuce, biki ya matso, ba ta ga ko cokali ba, kuma duk sanda ta tambaya sai ki kauce. Ko ke ce za ki yi habaici. Ki fara zuwa wajen Hajiya, ke da ita kaɗai, ki faɗa mata komai. Sannan ku je wajen Gwaggo tare, ko ta kira ta. Ki ajiye wayar a gabansu su ji muryar facalarki da kunnensu, su ga rasit, su ga hoton kwalayen. Malaman fiƙihu sun ce wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya faru ba da sakacinsa ba, kuma ke kin tambayi kuɗin kawowa, an ba ki adadi, kin tanade shi. Abin da za a iya kama ki da shi bai wuce yarda da maganar baki ba, sai kuma jinkirin sanar da su. Ki nemi afuwa a kan wannan jinkirin, amma kada ki yi rantsuwar cewa ke kaɗai za ki biya don kunya. Ki faɗi abin da za ki iya, ki bar su su faɗi nasu. Hidimar biki ta dangi ce, kuma akwai kawunnai da yayye maza da ba a taɓa ba tukuna. Amarya kuwa a bar ta da abin da ke gabanta, sai dai idan za a rage kaya, nan ya kamata a tambaye ta wanne ta fi so a bari.

Idan facalarki ta ƙi nuna takarda, ko ta yi ta ja miki rai har kwana biyu ko uku, to lokacin ne maigidanki zai yi wa wansa magana cikin girmamawa, ko a sa uwar mijinku ta kira ku ku biyu. Mai gaskiya ba ta jin nauyin nuna lissafi. Akwai doka ma a bayanki: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi a fili, kuma ana iya kai ƙorafi wajen hukumar ta intanet. Da baƙuwa ce kika gani a Instagram, da na ce ki tattara hujjojinki ki kai. Amma a kan dubu 110, da matar da za ku haɗu a kowace salla da kowane rashi, zaman manya zai fi yi miki aiki, kuma zai fi sauri.

Kada kuma a sake maimaita abin a tsakanin Kano da Gusau. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin aike a tasha ya daina zama abin da ake ƙiyastawa da ka, kuma kwalaye masu girma direba kan lissafa su da kuɗin kujera. Kafin a loda, a yi ciniki a gaban 'yan kamasho, a faɗi adadi, a faɗi wanda zai biya da kuma inda za a sauke, tasha ko ƙofar gida, don kada direba ya iso ya ce abin da aka ba shi na lodi ne kawai. A turo miki lambarsa da lambar motar da yawan kwalayen, a rubuta sunanki a jikin kowanne, a gaya masa akwai na fashewa don kada a ɗora musu buhu. Idan akwai ɗan uwa da zai taho biki daga Kano da mota kafin ranar jere, ya fi, ko da farantan kaɗai zai ɗauko. Da sun iso ki buɗe a gaban Hajiya ki ƙirga da takardar odarki a hannu, abin da ya fashe ko bai zo ba ki ɗauki hotonsa ki tura mata a ranar, a cire shi daga sauran kuɗin da take bin ki.